Dish ko Kallo ta Intanet: Abin da Magidanci Bahaushe a Saudiyya Zai Auna Kafin Ya Yanke Ishtiraki

A gidajen Hausawa da yawa na Makka da Jidda da Madina, talabijin ɗin falo yana nan a kunne amma masu zama a gabansa sun ragu, domin samari da 'yan mata kowa ya duƙufa a kan wayarsa, shi kuwa maigida yana ci gaba da biyan kuɗin tashoshin da ba a buɗe su sai ranar da ake buga ƙwallo. Shi ya sa tambayar ta yawaita a majalisu bayan sallar isha'i: a yanke ishtirakin tashoshi, wato kuɗin da ake biya don kallonsu, a koma kallo ta intanet ɗungurungum, ko kuwa a bar abin yadda yake? Shawarar da ake bai wa mazaunin Amurka a kan wannan batu ba za ta yi wa mazaunin Sharar Mansur da ke Makka aiki ba, saboda tun asali tsarin talabijin na ƙasar nan ba irin nasu ba ne.

A can, sau da yawa kamfani ne yake jawo waya har cikin gida, ranar da ka daina biya kuma allon ya yi duhu. A nan kuwa abin da ya kafu shi ne dish a saman bene. Ko da hukuma ta fitar da dokar hana shi a 1994, rufin gidaje bai daina cika da shi ba, kuma da zarar mai gyara ya saita shi ya fuskanci Nilesat ko tauraron Badr na kamfanin Arabsat, wanda aka kafa a 1976 kuma hedikwatarsa take Riyad, to ɗaruruwan tashoshi za su shigo ba tare da an biya ko halala ɗaya a wata ba. Saboda haka abubuwa uku ne a gaban magidanci, ba biyu ba. Akwai dish na kyauta, akwai tashoshin biya irin su beIN da OSN waɗanda suke buƙatar risiba (akwatin kama tashoshi) ta musamman da ishtiraki, sannan akwai manhajojin kallo irin su Shahid da Netflix da TOD da YouTube. Wanda ya haɗa na farko da na biyu ya kira su abu ɗaya, ya hau bene ya kwance dish ɗinsa don yana son rage kashe kuɗi, ya jefar da abin da ba ya cin masa komai ke nan.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ruɗin mutane, domin ana kwatanta kuɗin manhaja ɗaya da kuɗin ishtirakin tashoshi, a ga na manhajar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai a manta cewa manhaja ba ta motsi sai da intanet. Lissafin da kamfanin Netflix da kansa ya bayar ya isa a yi awo da shi: kallon awa ɗaya yana cin kimanin giga 1 idan hoton matsakaici ne, yana kai giga 3 idan hoto ne mai kyau, idan kuwa 4K ne yana iya kai giga 7. Gidan da ake kallon awa huɗu a rana da hoto mai kyau zai iya cinye giga 12 a yini, wato giga 360 a wata, kuma wannan lissafin talabijin ɗaya ne, ba a sa wayoyin yara a ciki ba. Ƙaramin layin waya mai ƙayyadadden data ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Dole sai intanet na gida wanda ba shi da iyaka, na faiba ko na rauta mai 5G, daga STC ko Mobily ko Zain ko makamantansu.

A nan ne gidaje suke rabuwa kashi biyu, kuma a ganina wannan rabuwar ita ce ta fi kowace yanke hukunci. Gidan da tun tuni yake biyan intanet maras iyaka, saboda karatun yara ko aikin maigida ko kiran bidiyo zuwa Kano da Damagaram, komawa kallo ta intanet ba zai ƙara masa komai ba sai kuɗin manhaja, don haka yanke ishtirakin tashoshi riba ce tsantsa a gare shi. Gidan da kuwa kowa yake lallaɓa ɗan datar wayarsa, idan aka ce a jawo intanet don kallo kawai, to an buɗe sabuwar fatura ce ta kowane wata wadda sau da yawa za ta zarce kuɗin tashoshin da ake gudu. Ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan saye tun watan Yulin 2020, ga kuma mai iƙama, wato takardar izinin zama, da yake biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa. Irin wannan magidanci ba ya buƙatar a tuna masa cewa ƙananan faturori ne suke haɗuwa su cinye albashi.

Zaɓi tsakanin faiba da 5G shi ma yana son a tsaya a kansa. Faiba ta fi tsayuwa, ba ruwanta da kaurin bango ko cunkoson jama'a, amma sai idan an riga an jawo ta ginin da kake haya, kuma sau da yawa sai mai gini ko haris, wato mai gadin ginin, ya yarda a huda bango. Rauta mai 5G kuwa sayenta za ka yi ka jona a wuta, in ka tashi ka ɗauki abinka, wanda ba ƙaramin alheri ba ne ga iyalan da suka sha ƙaura tun lokacin da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail a ƙarshen 2021. Illarta ita ce ƙarfinta ya dogara da nisan gidanka da ƙarfen sabis da kuma yawan masu jansa a lokaci guda, shi ya sa gidan da hoto yake tafiya sumul da hantsi zai iya ganin yana tsaitsayawa da ƙarfe goma na dare, sa'ad da unguwa duka take kallo. Kafin a sa hannu, a ari rautar maƙwabci ko a gwada da waya a daidai kusurwar da talabijin yake, da dare ba da rana ba. Megabit 5 a daƙiƙa ya isa hoto mai kyau a allo ɗaya, 4K kuma yana son 15, sai dai a ninka da yawan masu kallo. Sannan a karanta sharaɗin wa'adi, domin tayin da ya zo da rauta kyauta yakan ɗaure mutum shekara ɗaya ko fiye, wanda ya fita kafin lokaci kuma ya biya tara. Ga wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kan kwantiragin aiki, tsarin da ake biya kafin amfani ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada.

Ta fuskar shirye-shiryen Larabci, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kamfanin MBC, wanda ya fara a Landan a 1991 ya koma Dubai daga baya kuma ya mayar da hedikwatarsa Riyad a 2022, shi ne mai tashoshin da ake kallo kyauta a dish, shi ne kuma mai manhajar Shahid. Wasannin kwaikwayon watan azumi da ake jira bayan buɗa-baki suna zuwa ta hanyoyin biyu. Abin da mai biyan manhaja yake saya shi ne kallo ba tare da tallace-tallacen da suke yanka shiri gunduwa-gunduwa ba, da kuma damar ya kalla bayan ya dawo daga tarawihi maimakon shirin ya wuce shi.

Inda intanet ya yi wa dish fintinkau shi ne Hausa, kuma wannan ne dalilin da na fi bai wa nauyi. Tashoshin da risiba take kamowa a Hijaz kusan duka na Larabci ne, sai na Turanci da na Indiya masu fassarar Larabci, irin su MBC Bollywood da Zee Aflam. Yaron da aka haifa a unguwar Jarwal ko Misfala a Makka yana karatu da Larabci, yana wasa a layi da Larabci, zane-zanen da yake kallo a Spacetoon da MBC 3 su ma da Larabci suke magana, don haka Hausarsa ba ta wuce ta aike da ta gaisuwa, ita ma a bakin uwa da kaka kawai yake jinta. A da, sai an jira alhazai da masu umara su zo da kaset, daga baya faifan CD, daga kasuwar Kofar Wambai, fim ɗaya ya zagaya gida goma har ya karce. Yanzu masana'antar Kannywood ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa mako-mako a YouTube, kuma ana ganinsu a Makka a daidai lokacin da ake ganinsu a Kano. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da manhajarta, akwai kuma Northflix da aka gina don finafinan Hausa, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI da suke saka labarai da hirarraki na bidiyo, ga tafsirin malamai na azumi kai tsaye daga masallatan Kaduna da Bauchi da Sakkwato.

Akwai kuma batun agogo, wanda mazauna gida ba su san zafinsa ba. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka shirin da ake nunawa da ƙarfe tara na dare a Kano, sha ɗaya ne a Makka, lokacin da mai fita aiki bayan asuba ya kamata a ce ya kwanta. Kallo ta intanet ya kashe wannan matsala, domin shirin yana nan yana jiranka har daren Juma'a. Sai dai kada wanda yake neman Hausa ya ɗauka cewa manyan manhajojin ƙasashen waje za su biya masa buƙata. Netflix ya shigo Saudiyya a watan Janairun 2016, Disney+ ya biyo baya a 2022, amma finafinan Najeriya da ke cikin irin waɗannan manhajoji galibinsu na kudu ne, da Turanci ko Yarbanci, na Hausa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan abin da Bahaushe yake nema a YouTube yake, shi kuma kyauta ne in ban da talla. Wannan kaɗai ya isa ya sauke wa magidanci rabin kuɗin da ya zaci zai kashe.

Ƙwallon ƙafa ne yake riƙe yawancin mutane a kan tashoshin biya, kuma a nan dish bai faɗi ba tukuna. Gasar Firimiya ta Ingila da gasar zakarun Turai suna hannun beIN na ƙasar Katar a wannan yanki. Masu kallo ba su manta da shekarun da aka rufe tashar a Saudiyya ba, daga rikicin Saudiyya da Katar na 2017 har zuwa 2021 bayan sulhun da aka yi a garin Al-Ula, kuma tun 2022 kamfanin yana da manhajarsa mai suna TOD wadda take kawo wasannin ta intanet. Gasar cikin gida ta Saudiyya kuwa, wadda Hausawa suka ƙara sa wa ido tun zamanin da Ahmed Musa ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020, kafin zuwan Ronaldo ya jawo hankalin duniya, ta bar tashoshin SSC ta koma hannun kamfanin Thmanyah daga kakar 2025/2026. Abin lura shi ne haƙƙin nuna wasa yana sauya hannu, don haka kuskure ne a biya shekara guda cur kafin a tabbatar da wanda yake riƙe da gasar da ake so a wannan kakar.

Ko an sami wasan a manhaja, akwai aibi ɗaya da ba a gano shi sai an zauna kallo. Hoton intanet yana zuwa a bayan na tauraron ɗan'adam da daƙiƙoƙi, wani lokaci har rabin minti. A daren da Al-Ittihad da Al-Ahli suka haɗu, mai kallo ta manhaja a Jidda zai ji ginin da ke fuskantar nasa ya kaure da ihu, motoci sun fara hon a titi, alhali a allonsa ɗan wasa bai gama ajiye ƙwallo a kusurwa ba. Idan kuma sabis ya yi rauni a daidai lokacin bugun fenariti, sai da'irar nan ta tsaya tana juyawa a tsakiyar allo. Dish ma yana da ranar ɗaukewa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi ko iska ta karkatar da shi, har a tura yaro ya leƙo ta taga yana faɗin “ya kawo, ya ɗauke” mai gyara yana juya shi a sama, amma ranakun ruwa a Hijaz ƙidayayyu ne. Wanda ƙwallo ce rayuwarsa, kuma gidansa ne matattarar abokai a daren gasar zakarun Turai da ake take wasa ƙarfe goma ko sha ɗaya agogon nan, ya riƙe risibarsa, ba a yi masa gorin ɓarnar kuɗi ba. Wanda kuwa wasa biyu ko uku yake kallo a wata, biyan manhaja a watannin da gasa ta yi zafi ya fi masa.

Akwai hanya ta huɗu da ake raɗa wa mutum a shagunan kayan lantarki, wato ƙananan akwatunan IPTV da ake cewa suna buɗe dukkan tashoshin duniya da kuɗi kaɗan a shekara. Satar haƙƙin mallaka ce, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya tana toshe irin waɗannan hanyoyi tana kuma hukunta masu sayar da su, kuma a babban wasa ne suka fi yankewa saboda kowa ya hau kansu lokaci guda. Ranar da suka mutu babu ofishin da za ka kai ƙara. Baƙon da yake lallaɓa iƙamarsa ba shi da dalilin kusantar abin da zai haɗa shi da hukuma saboda wasan minti casa'in.

Sai kuma tsofaffi, waɗanda ba a cika tambayarsu ba idan ana wannan shawara. A gidaje da yawa an jera tashoshin risiba yadda lamba ɗaya take kan tashar Alƙur'ani mai nuna ɗawafi kai tsaye daga Harami, lamba biyu kuma tashar Sunna daga masallacin Annabi (SAW) a Madina. Hajiya tana danna maɓalli ɗaya ta ajiye rimot ta ɗauki carbinta. A manhaja kuwa sai an kunna, an jira, an zaɓi suna, an shiga wurin nema, an rubuta da haruffan da ba ta iya gani, wani lokaci talla ta faɗo a tsakiyar karatu. Ƙarshenta sai ka ji tana kira daga ɗaki, “Kai ɗan nan, zo ka mayar mini da Harami,” jikan kuma yana makaranta. Mayar da dattijuwa mai jiran wani kafin ta ga abin da take gani da kanta shekara da shekaru ba ci gaba ba ne, kuma tunda waɗannan tashoshi kyauta suke, babu abin da aka tsira da shi in an cire su.

Tarbiyya ita ce wurin da ya kamata iyaye su fi buɗe ido. Tashoshin dish da suke nuna finafinan waje, irin su MBC 2, suna yanke wuraren da ba su dace ba kafin su nuna, saboda haka wani ya riga ya tace maka ko da tacewar ba ta kai yadda kake so ba. Manhajojin ƙasashen waje galibi suna kawo fim yadda aka yi shi, har ta kai a watan Satumban 2022 hukumar kula da kafofin kallo ta Saudiyya da kwamitin ƙasashen yankin Gulf suka fito fili suka buƙaci Netflix ya cire abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyar Musulunci, musamman waɗanda aka nufi yara da su. Gaskiya ne manhajojin suna da kayan kariya da dish ba shi da su: ana buɗe wa yara sashensu daban, a ƙayyade shekaru, a kulle na manya da lambar sirri, a kuma duba jerin abin da aka kalla. Amma duk wannan sai uba ko uwa sun zauna sun saita, kuma a gidaje da yawa yaron da ake son a kare shi ne wanda ya fi kowa sanin yadda ake saitawar.

Abin da ya fi wannan girma, a nawa ganin, shi ne wurin da ake kallon. Fim ɗin Hausa da aka kunna a babban allo bayan an ci tuwon dare, kaka tana fassara wa jikoki karin maganar da ba su gane ba, uwa tana tsaki idan wata ta yi rashin kunya, shi ne yake dawo da harshe cikin gida. Wannan fim ɗin dai, idan kowa ya shige ɗakinsa da waya da abin sauraro a kunne, bai ƙara wa gidan komai ba. Don haka in za a koma intanet, a kai shi kan talabijin ɗin falo. Ba sai an sayi sabon talabijin ba, domin duk wanda yake da ramin HDMI za a iya soka masa ƙaramar na'ura irin Chromecast ko Fire TV ko akwatin Xiaomi, kuma kuɗinta sau ɗaya ake biya. Ga iyali mai mutum shida ko bakwai, wannan ne ma ya sa kallon fim a gida ya fi zuwa silima sauƙi, duk da cewa an sake buɗe gidajen silima a ƙasar tun watan Afrilun 2018, domin tikitin dare ɗaya na irin wannan iyali ya fi kuɗin manhaja na wata guda.

Tarkon da ya rage shi ne tara manhajoji. Ana fara da ɗaya, sai 'yar gida ta nemi ta biyu saboda wani shirin Turkiyya, ɗa ya nemi ta uku saboda ƙwallo, kowace kuma tana sabunta kanta daga katin banki na Mada ko faturar waya ba tare da sallama ba, har jimillarsu ta haura kuɗin tashoshin da aka yanke. Dabarar raba asusu ɗaya tsakanin gidan wa da na ƙane ita ma ta yi wuya tun da Netflix ya tsaurara sharaɗin gida ɗaya a 2023. Maganin shi ne a riƙe manhajar biya guda ɗaya a lokaci guda, a kalli abin da ake so a cikinta, a soke, a koma wata, tunda ba su ɗaure mutum da wa'adi kamar ishtirakin shekara ba. Wanda yake tsoron mantuwa ya sayi katin kuɗi na manhajar a Jarir ko wani shago, wanda idan ya ƙare ya ƙare.

Ga gidan da yake da intanet maras iyaka kuma ba mayen ƙwallo a cikinsa, shawarata ita ce a yanke tashoshin biya idan wa'adinsu ya cika, a bar dish na kyauta a inda yake saboda Harami da labarai da ranar da intanet ya ɗauke, a jona YouTube a talabijin ɗin falo, a ƙara manhaja ɗaya in an ga buƙata. Gidan da ba shi da intanet na gida, kuma babu wani dalilin jawo shi ban da kallo, ya tsaya a kan dish na kyauta, a riƙa sauke shirye-shiryen Hausa a waya a inda aka sami Wi-Fi a zo a haska su a allo. Mai ƙwallo kuwa ya gwada wata ɗaya na manhaja alhali risibarsa tana aiki, ya kunna wasa ɗaya a duka biyun a dare ɗaya ya ga tazarar da idonsa, sannan ya yanke shawarar sabunta ishtiraki ko barinsa.